"Now and Then" ta The Beatles: muryar ta gamsar da ni, bidiyon kuwa ya zarce gona da iri

A daren 2 ga Nuwamban 2023, ranar da aka saki "Now and Then" a matsayin waƙar ƙarshe ta The Beatles, ƙungiyar mawaƙa huɗu 'yan Birtaniya, na sa iyafis na saurare ta cikin ɗari-ɗari, domin an ta yayata cewa da ƙirƙirarriyar basira aka haɗa ta, ni kuma ba na son a kwaikwayi muryar mamaci a sayar mini. Ashe ba haka lamarin yake ba. John Lennon, ɗaya daga cikin huɗun, shi ne da kansa ya rera ta a ƙaramin kaset a gidansa da ke birnin New York a ƙarshen shekarun 1970, kafin a harbe shi a Disambar 1980. Matarsa Yoko Ono ta miƙa wa Paul McCartney kaset ɗin a 1994, sauran 'yan ƙungiyar uku, wato McCartney da George Harrison da Ringo Starr, suka gwada aiki a kai a 1995, suka haƙura saboda sautin fiyano da ƙugin lantarki sun danne muryar. Abin da na'urar ta yi kawai shi ne tsame muryar daga cikin hayaniyar, da fasahar da ma'aikatan Peter Jackson, mai shirya fina-finai, suka ƙirƙiro.

Wannan muryar ita ce ƙashin bayan waƙar. Tana fitowa siririya, da ɗan rauni irin na mutumin da yake rera wa kansa a ɗaki bai san wani zai ji ba, sai kuma muryar McCartney, wanda a lokacin yake da shekara 81, ta shigo ta bayanta a dushe. Jin ɗan shekara talatin da wani abu yana amshi da abokinsa da ya tsufa ya bar shi, shi ne ya sa na maimaita ta sau uku kafin na kwanta. Ringo Starr ya buga ganga ba tare da neman burgewa ba, an kuma dawo da jitar da George Harrison ya kaɗa a 1995, shi da ya rasu a 2001. Sai dai gogen da aka ɗora daga tsakiya ya ɗan yi nauyi, har yana rufe John a wasu wurare.

Washegari aka saki bidiyon da Jackson ya shirya, a nan ne muka raba gari da shi. Farkonsa ya yi kyau ƙwarai: hotunan zaman 1995, George na gyara jita, sai fuskar John tana duban faɗuwar rana a kan teku. Amma da aka kai tsakiya sai aka yanko John da George na 1967, cikin kayansu masu ƙyalli, aka manna su kusa da dattijan biyu, McCartney da Ringo, a ɗakin ɗaukar sauti, John yana tsalle-tsalle yana kwaikwayon mai jagorantar makaɗa. Na fahimci ana so a nuna barkwancinsu ne, amma hasken jikinsu bai dace da na ɗakin ba, idanuwansu ba sa haɗuwa da na kowa, kuma raha ba ta zauna a kan waƙar kewa irin wannan ba. Abin da kunne ya yarda da shi, ido ya ƙi.

Minti na ƙarshe ya ɗan wanke laifin, inda hotuna suka riƙa komawa baya har zuwa ƙuruciyarsu a Libaful, sannan su huɗun suka rusuna a kan dandali suka ɓace. Waƙar ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin waƙoƙin Birtaniya, karon farko gare su tun 1969, ta kuma ci Grammy, babbar kyautar waƙa ta Amurka, a 2025. Har yau tana cikin wayata, amma bidiyon sau biyu na kalle shi, na biyun ma tsakiyar na tsallake.