Na daina jiran gawon shanu na sayi PlayStation 5, ga abin da na gani a wata huɗu

Ranar da aka kawo min kwalin, tun kafin in yanke salatif ɗinsa na riga na jera faifaina guda 17 a kan tebur, duk na wasan bidiyo, na tsohuwar PlayStation 4 ɗina. Yaron wajena yana tsaye a kaina, ya riƙe wanda yake so mu fara sakawa. Na zaro na'urar daga ledarta, fara sol, na juya ta nan, na juya ta can, ina laluben bakin da ake zura faifai. Babu shi. Gefen nan a shafe yake sumul. Na koma na duba jikin kwalin, sai ga shi a rubuce ɓaro-ɓaro cewa samfurin da ba shi da gidan faifai ne. Alhali mai gidan faifai na gani a hoton talla, kuɗinsa na biya, kuma sau biyu ina maimaita wa mai sayarwar kafin ya turo.

Nan take na kira shi. Ko a jikinsa. Cewa ya yi, "Ranka ya daɗe, ai duk ɗaya ne. Yanzu wa yake ta faifai? Kowa saukewa yake yi daga intanet." Na ce masa ni ina ta faifai, ga su nan a gabana, shekara da shekaru ina tara su. Ya ce tunda na riga na buɗe kwali, ba ya karɓar kayan da aka buɗe.  Ya ce in yi haƙuri zai duba ya kira ni. Bai kira ba.

Wanda bai taɓa riƙe irin wannan na'ura ba zai ga kamar ƙaramin abu ne. Wasan da ka saya a faifai, faifan shi ne shaidarka. Ko an kwafe shi cikin na'ura, sai faifan yana ciki zai buɗe. Idan na'urar ba ta da inda za a saka shi, wasan da ka biya kuɗinsa tuntuni sai ka sake sayensa a shagon intanet. Ke nan faifai 17 sun zama kayan ado a dare ɗaya. Yaron ya dubi na hannunsa, ya dube ni, ya ce, "Baba, to waɗannan fa?" Wallahi wannan tambayar ta fi maganar mai sayarwar ƙona min rai, domin na san tsawon lokacin da ya yi yana jira.

Tun a Nuwamba 2020 PlayStation 5 ta fito, mako guda da kishiyoyinta na kamfanin Microsoft, Xbox Series X da Series S. A lokacin ko kana da kuɗin ba ka samun ta, saboda ƙarancin ƙananan kayan lantarki da ya addabi masana'antu a duniya, ga 'yan kama-ka-sayar suna kwashe ɗan abin da ya fito suna ninka kuɗi. Na ce a bari ta wadata. Da ta fara wadata, sai aka shiga raɗe-raɗin za a fito da wata siririya. Na ce a bari ta zo. Ta zo a ƙarshen 2023, sai masu bidiyon hasashe suka ce wanda ya saya yanzu zai ciji yatsa, mai ƙarfin tana tafe. Ita ma PS5 Pro ta zo a Nuwamba 2024, na ga ta fi ƙarfin aljihuna, kuma ita ma sai ka sayi gidan faifai daban. Ban gama wannan tunani ba mutanen nan suka koma zancen PlayStation 6. Yaron yana ɗan shekara 9 aka fara wannan jira. Yanzu muryarsa ta buɗe, abokai sun fara ɗauke masa hankali, yammacin da yake zama kusa da ni ya ragu. Ranar da na lura da haka na yanke shawara, na daina sauraron kowa.

Shi ya sa da na ga an turo min abin da ban saya ba, na kwana da baƙin ciki. Kwana biyu na'urar tana cikin kwali, ko jona ta ban yi ba.

Yaron ne ya gano mafita, ni fushi ya rufe min ido. Ya zo da wayarsa ya nuna min cewa wadda aka kawo mana siririyar ce ta 2023, kuma ita ana sayar da gidan faifanta daban, a maƙala mata. Da farko ban yarda ba, domin a iya sanina mara faifai ta 2020 haka take har abada, ba a ƙara mata komai. Ashe an canza tsarin. Mai son ya bambance su, siririyar murfinta huɗu ne, akwai tsaga da ta raba kowane gefe biyu, kuma ramukan USB-C biyu ne a gabanta. Na yi odar gidan faifan daga wani wuri daban. Da ya iso, na kwantar da na'urar a kan tawul, na ɓalle murfin ƙasa na gefe ɗaya da hannu, na daidaita abin a gurbinsa, na danna, na ji ƙas. Na rufe da murfin da ya zo da shi mai ɗan tudu. Ko sukudireba ban ɗauko ba. Sai dai a karon farko dole a haɗa ta da intanet domin ta yi rajistar gidan faifan, daga nan shi ke nan. Duka aikin bai kai minti biyar ba.

Abin da ya biyo baya a daren shi ne dalilin da ya sa na zauna rubuta wannan. Na kunna tsohuwar da sabuwar tare, na haɗa su a layin intanet ɗaya, sabuwar ta janyo duk ajiyar wasanninmu daga tsohuwar. Muka saka faifan tseren motocin da muka fi shekara shida muna bugawa. Ga motocinmu nan yadda muka bar su, har wata ja da yaron ya yi wa fenti da hannunsa yana ƙarami, layukan a karkace. Ya yi shiru yana kallon ta. Sannan muka zaɓi hanyar tsere. A tsohuwar na'urar, tsakanin zaɓen hanya da fara gudu har mun saba mu ajiye hannun gem, wato abin da ake riƙewa a sarrafa wasan, mu ɗan yi hira. A nan kafin in gyara zama motoci sun jeru a layi. Dalilin a fili yake: PlayStation 4 ta zo da ma'adana mai faranti da ke juyawa a ciki, wannan kuwa SSD ce, babu abin da ke motsi. Kuma shiru kake ji. Tsohuwar ta yi min aiki tun 2015, na gode mata, amma tsufa da ƙura sun sa fankarta tana gurnani har sai mun ƙara sautin talabijin. Wannan sai ka kai kunne kusa kafin ka ji tana aiki.

Wani abin da ya faranta min, hannu ɗaya ne ke zuwa a kwali, na ɗauka sai na sayi na biyu kafin mu buga mu biyu. Ashe tsohon hannun PlayStation 4 yana aiki a kanta muddin wasan na PlayStation 4 ne. Wasan da aka yi don sabuwar ne kawai ba ya karɓar sa. Haka muka raba, shi da sabon, ni da tsohon da ya saba da yatsuna, muka kai ƙarfe ɗayan dare.

Shi kansa sabon hannun, DualSense, sai da na karɓa na ji abin da ake faɗa. Akwai ɗan wasa da ke zuwa a cikin na'urar kyauta, Astro's Playroom, wanda aka yi shi don nuna aikin hannun. Idan ɗan mutum-mutumin yana tafiya a kan yashi, kana jin ɓurɓushin a tafin hannunka. Idan ya hau ƙanƙara, sai ka ji santsi. Akwai wurin da ruwan sama ke sauka, ɗigo ɗaya-ɗaya yana taɓa ka ta wurare daban-daban. Maɓallan baya, L2 da R2, suna yin tauri ko su saki gwargwadon abin da kake ja, kamar tsirkiyar baka. Na daɗe ina ɗaukan wannan zance a matsayin daɗin bakin 'yan talla. Na janye.

To amma bayan zumuɗin makon farko ya lafa, wasu abubuwa suka fara dawo min. Talabijin ɗina 1080p ce, ba ta 4K mai hoto mafi kaifi ba. Motsi ya fi laushi, hoto ya fi tsabta, amma irin tsallen da na gani lokacin da na tashi daga PlayStation 2 zuwa ta 3, ban gan shi ba a nan. Wanda ba shi da niyyar canza talabijin ya san da wannan tun kafin ya fitar da kuɗinsa. Kuma idan ƙwallon ƙafa ce kaɗai abin da mutum yake bugawa, shekaru bayan fitowar sabuwar an ci gaba da fitar da wasan ƙwallon a kan tsohuwar ma. Da ƙwallo kaɗai nake yi, da ban ga dalilin gaggawa ba.

Sai batun wuri. An rubuta 1TB a kwali, wato gigabait 1,000, amma abin da ke hannunka bayan na'urar ta ɗauki nata gigabait 800 ne da 'yan kai, kuma manyan wasannin yanzu akwai waɗanda guda ɗaya ke haura gigabait 100. Cikin wata biyu na fara goge wani don in saka wani. Na samu sauƙi da na mayar da wasannin PlayStation 4 kan ma'adanar waje ta USB, domin su ana buga su daga can kai tsaye. Na PlayStation 5 kuwa ajiya kawai ake yi a can, sai an dawo da su ciki kafin a buga. Akwai gurbin M.2 a ƙarƙashin murfi inda ake ƙara wata SSD, ita ce maganin abin na dindindin, amma wani kashe kuɗin ne da ban shirya masa ba bayan wanda gidan faifai ya ci.

Kuma ba zan ɓoye ba, wani lokaci lissafin shekaru yana damuna. PlayStation 3 ta fito a 2006, ta 4 a 2013, ta 5 a 2020. Bakwai-bakwai ke nan. Duk wanda ya iya ƙidaya ya san na saye ta ne bayan ta ci fiye da rabin zamaninta. Akwai daren da na kwanta ina cewa, da na ƙara haƙuri kaɗan. Sai in tuna yadda farkon wannan zamanin ya kasance: kusan shekara biyu ana neman na'ura ido rufe, wasannin da aka yi dominta kaɗai 'yan ƙalilan, manyan wasanni da yawa suna fita a kan tsohuwar da sabuwar tare. Sannan abin da muka saba gani a da, cewa na'ura tana tsufa kuɗinta yana sauka, bai faru ba a wannan karon. A 2022 ma ƙara kuɗinta aka yi a ƙasashe da dama. Jiran da na yi bai rage min ko sisi ba, shekarun yaron kawai ya cinye.

Masu tambayata me ya sa ban ɗauki Xbox ba, amsar tana kan teburin nan, faifai 17. Wanda zai fara daga babu, kuma intanet ɗinsa tana da ƙarfi, Xbox Series S da rajistar Game Pass, inda ake biyan kuɗi wata-wata a buga wasanni da yawa, hanya ce mai kyau, sai dai ya sani ita ba ta da gidan faifai sam, kuma ba a ƙara mata. Nintendo Switch 2 da ta fito a Yuni 2025 ta ja hankalina saboda ana ɗaukan ta a hannu a tafi da ita, amma wasanninmu ba a can suke ba. Ni dai a ganina mutum ya fara duba wasannin da ya tara da kuma inda abokan wasansa suke, kafin ya tsaya karanta lambobin ƙarfin inji.

Na'urar ta shiga raina, ba na shakka. Wanda har yanzu ban huce da shi ba shi ne mai sayarwar. Ba kuskure ya yi ba, domin hoton mai gidan faifai yana nan a shafinsa har yau, da rubutu iri ɗaya, yana jiran wani. Idan za ka saya daga nesa, ka sa a ɗauko maka hoton kwalin da za a turo maka ɗin, gaba da gefe, ka ga hoton na'urar da tudun gidan faifai a jikinsa, ka ajiye saƙonnin da kuka yi. Saƙonnin nan ne suka taimake ni. Sai da na tura masa hotonsu, na ce zan kai ƙara wurin masu dandalin intanet ɗin da yake tallar kayansa a kai, sannan ya yarda zai mayar min da bambancin kuɗin da ke tsakanin samfuran biyu. Bayan mako uku ya turo rabi. Jiya na sake kiran sa a kan sauran, ya ce, "Ranka ya daɗe, ai na ɗauka mun gama wannan maganar." Na ce masa ba mu gama ba, kuma ranar Litinin zan sake kira.