Injin yankan itace 5800: an raina shi fiye da kima, amma famfon mansa ya ɓata mini rai

A Zariya da zarar an ambaci injin yankan itace, hankalin kowa kan Stihl 070 yake tafiya. Shi masu tsaga katako suka sani, kuma suna da hujja: cc 105 da ɗoriya, ƙarfen sarƙa mai inci 36, ya wuni yana tsaga maɗaci bai nuna gajiya ba. Sai dai ko ba a ɗaura masa ƙarfe da sarƙa ba ya haura kilo 10, kuɗinsa kuma ba sai na faɗa ba. Mai gonar mangwaro a Shika, ko mai sayar da itacen girki a Tudun Wada, me zai yi da wannan nauyi? Shi ya sa nake ganin an zalunci ƙaramin nan 5800, wanda ake cewa ɗan China ne, kwana biyu ya mutu. Nawa mai cc 58 ne, ƙarfe inci 22, damina biyu ke nan yana aiki.

Inda ya nuna mini kansa a Gyallesu ne. Iskar farkon damina ta tuge wata tsohuwar darbejiya ta tare layi, kaurin gindinta ya fi tsawon ƙarfen, dole sai an yanko ta wannan gefe a koma wancan. A ja na huɗu ya tashi: a rufe cok, a ja sau uku har ya yi tari, a buɗe cok, a ja sau ɗaya. Rassan kamar ana yankan rake. Da ya shiga gindin ma muryarsa ba ta faɗi ba, ɓarɓashi na fita manya-manya kamar ɓawon gyaɗa, alamar sarƙa na ci yadda ya kamata. Tanki uku ya sha a jere, ko sau ɗaya bai mutu a silo ba. Wallahi ban zaci haka daga injin wannan kuɗin ba.

A tanki na huɗu labari ya canza. Ɓarɓashin ya koma gari, wani siririn hayaƙi ya fara tashi daga cikin yankan, sarƙa ta saki tana reto, bakin ƙarfen ya yi shuɗi don zafi. Na buɗe tankin man sarƙa, yana nan cike fal. Ga ƙa'idar da duk mai wannan inji ya kamata ya riƙe: tankin fetur yana cin kusan mililita 550, na man sarƙa 260, kuma kusan tare suke ƙarewa. Fetur ya ƙare man sarƙa bai taɓu ba, to kashe injin nan take, sarƙarka a bushe take gudu.

Laifin na wani ɗan giya ne mai haƙora na roba da ke bayan kuloci, shi ke juya famfon mai. Haƙoransa sun side sumul. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ban taɓa zuba masa baƙin man da aka juye daga mota ba, wanda ke kashe famfunan nan saboda dattin ƙarfen da ke cikinsa. Sabon mai mai lamba 40 nake sa masa. Ke nan robar ce ba ta da kirki tun daga inda aka ƙera ta. Ɗan abin da bai kai murfin kwalba ba ya ja mini asarar sarƙa guda, ya ci bakin ƙarfe, ya bar rabin bishiya a kan hanya mutane na ɗaga babura suna tsallakewa. Araha ba ta ado, na yarda.

Gyaran bai da wuya in ka san hannunsa. Cire noti biyu na murfin gefe, ka sauke ƙarfe da sarƙa. Cire fulogi, ka cusa tsaftatacciyar igiya ta ramin don ta tare fistin, ka bar jelarta a waje. Zaren kuloci na hagu ne, wato ta hannun da ake ɗaure noti ta nan ake kwance shi. Masu gyara da yawa a nan suke fasa shi da guduma. Zare kwanon kulocin da ɗan boris ɗinsa, ka kwance faranti, ga giyan nan. Kafin ka sa sabo, wanke ramin da mai ke fitowa da ƙaramin ramin jikin ƙarfen, ka bi kwarin ƙarfen da tsinke ka fitar da garin katako. In ka haɗa, nuna bakin ƙarfen ga farin kwali ka ba shi wuta: layin mai ya fito cikin ɗan lokaci. In bai fito ba, akwai ɗan sukurun ƙara mai a ƙarƙashin injin. A Sabon Gari na samo giyan, na sayi uku lokaci ɗaya.

Tunda na fara ƙorafi, sarƙar da ke zuwa cikin kwali ma ba ta da ƙarfi, kullum cikin ɗaure ta kake. Canza ta da mai kyau, ma'aunin inci .325, ka riƙa wasa ta da magagari mai milimita 4.8 a kwanar digiri 30. Murfin igiyar tayarwa shi ma roba ne, mai fizga da ƙarfi ba zai kai wata uku da shi ba. A ja a hankali har ya kama, sannan a fizga.

Amma zuciyar injin, wato fistin da silinda, ban ga aibinta ba, kuma a nan ne nake cewa an yi masa ƙazafi. Yawancin waɗanda na ga sun ƙone, haɗin mai ne ya kashe su. Wannan 25:1 yake so, mililita 40 na man 2T a kowace lita ta fetur, a auna da sirinji, a girgiza a jarka kafin a zuba. Wani zai ji ana cewa 50:1 ya rage rabi, wani ya zuba baƙin man babur da ido, gobe a ce ɗan China ne. Haka masu murɗa sukurun H na kafireta, mai daidaita fetur a babban gudu, ciki don injin ya yi kuka sosai: fetur ya ragu, man da ke shafa fistin ya ragu, sai fistin ya maƙale. Lokacin hunturu kuma matatar iska kullum sai an wanke ta, ƙurar Zariya ba ta barin komai.

Kada a sa shi tsaga katako a tsaye, ba aikinsa ba ne, a bar wa 070. Busasshiyar kirya ma tana dakushe masa sarƙa da wuri. Sassabe, rage rassan mangwaro, turare, malaina, gunduwa-gunduwar itacen girki, duk zai yi maka. Darbejiyar Gyallesu dai shi ya ƙarasa ta washegari da sabon giya, ragowar biyun suna cikin jakar sifana tare da fulogi L7T guda.