Garkuwar gefe ta ɗaurin noti a jikin Hilux: yadda ta kaya a duwatsun Jos

Duk mai shiga da a-kori-kura hanyoyin bayan Shere ko ƙauyukan Riyom da Bokkos ya san inda dutse ke fara cin mota: dogon layin nan na ƙarƙashin ƙofofi, tsakanin tayar gaba da ta baya. Tayar gaba za ta hau dutse ta sauka lafiya, sai cikin motar ya zauna a kansa. Hilux mai ƙofa huɗu tazarar tayoyinta ta ɗan haura mita 3, shi ya sa abin ya fi samunta. Matakalar da ke zuwa da mota kuwa ta taka ƙafa ce kawai, alminiyam ce da roba. In ta daki dutse lanƙwashewa take sama ta lotsa gindin ƙofa, daga nan ƙofa ta daina rufuwa daidai.

Ƙarafan kare gefe da masu sayarwa ke kira rok silaida, irin waɗanda ake ɗaurewa da noti a jikin shasi, su na sa, sun kuma ga damina sun ga rani. Hukuncina a taƙaice: kaya ne masu amfani ƙwarai, amma rabin ingancinsu yana hannun wanda ya ɗaura.

Saitin guda biyu ne, dama da hagu. Kowanne yana da babban ƙarfe mai kusurwa huɗu, milimita 50 da 75, sai bututu zagayayye mai faɗin milimita 44 da kaurin milimita 3 a waje, sai ƙafafu uku masu faranti da ke kama shasi. Wajen tayar baya bututun ya ɗan buɗe waje, wannan buɗewar ce ke ture bayan mota daga dutse ko kututture idan ana shan kwana a matse. Kowane gefe ya doshi kilo 30. Mutum ɗaya ba zai ɗaga ya saita ya kuma zura noti ba, a nemi na biyu.

Kafin a taɓa komai a wanke ƙasan motar sosai, a ajiye ta a daɓe mai lebur, a sa hambirki, a tare tayoyi. A cire tsohuwar matakala da maƙalanta duka. Sannan a bi shasin da ido da ɗan guduma. Inda tsatsa ta ci har ƙarfe yana ɓarewa, a dakata, a gyara wannan tukuna, domin garkuwar ba ta da wani ƙarfi da ya wuce na abin da ta kama. Ramukan shasi masu zare galibi sun cika da jar ƙasa, sai a fesa musu man kwance tsatsa a bi su da abin gyaran zare. A lura, zaren motocin Toyota sau da yawa ƙanana ne, irin M10 ko M12 (wato noti mai kaurin milimita 10 ko 12) mai tazarar zare milimita 1.25, alhali notin kasuwa na gama-gari M10 tazararsa 1.5 ce, M12 kuma 1.75. Zai shiga zagaye ɗaya ko biyu ya cije. Yaron shago ya ga ya cije ya ƙara masa ƙarfi, shi ke nan zaren ya tafi. Duk notin da bai shiga da yatsu ba, a fito da shi a duba.

Sai a leƙa cikin shasi ta bayansa. Bututun man birki da na mai da wayoyi suna bin jikinsa, igiyar hambirki ma tana ratsawa ta nan. A kwance ƙananan maƙalansu a ɗan janye su, a tabbatar faranti bai danne ko ɗaya ba, bayan an gama kuma babu wanda ke gogar ƙarfe. Bututun birki da ke goga ba ya ba da sanarwa, a gangaren Hawan Kibo zai nuna kansa. Gefen da tankin mai yake ya fi matsi, hannu da ƙyar yake shiga, a fara da ɗaya gefen don a gane kan aikin.

Yanzu ga wurin da na fi so a tsaya a kai. Shasin Hilux a tsakiya rufaffe ne, bango biyu da fili a tsakani. Idan dogon noti zai ratsa daga wannan bango zuwa wancan, dole a sa masa gajeren bututu mai kauri a ciki, wanda tsawonsa ya yi daidai da filin. Aikinsa ya tokare bangon biyu. In babu shi, kana ɗaurewa bangon na matsowa ciki, kamar ka matse gwangwanin madara da hannu. Za ka ji noti ya yi tauri ka ce an gama, amma ba ƙarfe ya kama ba, lotsawa ce ta tsaya na ɗan lokaci. Da motar ta sha girgiza sai ɗaurin ya saki, faranti ya fara motsi, ramin ya zama dogo, tsatsa ta shiga. Da yawa daga cikin garkuwar da ake gani suna karkace a gari, wannan ne ciwonsu. Shigar da bututun nan yana da cin rai: ana ɗaura masa siririyar waya a ja shi ta wani ramin shasi har ya zo daidai. Bakanike mai sauri zai ce ba dole ba ne, ya jefa shi cikin kwali. Ka tsaya a kansa har ka ga ya shiga. Inda saitin ya zo da faranti na baya mai rungumar shasi, shi ma kada a bar shi, yana raba nauyi ne a wuri mai faɗi.

Idan aka ce sai an huda sabon rami, a huda a tsakiyar bangon gefe, nesa da saman shasi da ƙasansa, domin nan ne ke ɗaukar lanƙwasa. A shafa wa bakin ramin fenti kafin noti ya shiga.

Ɗagawa kuma, jak mai taya da guntun katako a kai ya isa. A ɗaga garkuwar a hankali, a zura dukkan notocin da hannu, kada a ɗaure ko ɗaya. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗaure ƙafar gaba tam, sannan a tarar ramin baya ya kauce, a ɗauko guduma. A bar komai sako-sako, a saita, sannan a fara ɗauri daga ƙafar tsakiya.

Wajen saitin a kula da tazara tsakanin garkuwa da bodi. Bodin a-kori-kura a kan robobi yake zaune, yana motsi daban da shasi, shasin kansa yana murɗawa idan taya ɗaya ta hau tudu ɗaya ta faɗa rami. Garkuwar ma tana ɗan dannuwa sama idan nauyin mota ya sauka a kanta. Saboda haka a bar aƙalla milimita 12 zuwa 15, kaurin yatsa ke nan, tun daga gaba har baya, musamman a ƙarƙashin siririn haƙarƙarin nan na gindin bodi. In tazarar ta gaza, za ka riƙa jin ƙwas-ƙwas a kan gargada, ranar da aka daki dutse kuma garkuwar da kanta za ta lotsa abin da aka sa ta karewa. In ta yi yawa an rage wa mota tsayi daga ƙasa a banza. A buɗe ƙofofi huɗu a rufe, a ga babu mai taɓawa.

Notocin da suka zo a kwalin nan ne suka fara rage wa saitin maki a wurina. Wasu an buga musu 8.8 a kai, lambar da ke nuna ƙarfin noti, wasu kansu fayau babu lamba. Noti marar lamba ba shi da wuri a nan. A Dilimi ko wajen kanikawan Farin Gada ana samun masu 8.8 da 10.9, a dai duba kan da kyau, a haɗa da washa mai tauri da noti mai roba a ciki wanda ba ya warwarewa. Inda noti ke shiga zaren shasi kai tsaye, a ɗiga masa shuɗin Loctite 243, gam ɗin da ke hana noti warwarewa. Awon ɗauri, in takardar kamfani ta faɗa a bi ta. In ba ta faɗa ba, M10 mai 8.8 yana kusan Nm 50 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri), M12 mai 8.8 kusan Nm 80 zuwa 85, M12 mai 10.9 kusan Nm 115 zuwa 120. Da sifana mai awo ake wannan, ba da dogon bututu a hau da ƙafa ba. Bayan an gama a ja layin fenti daga kan kowane noti zuwa faranti, da kallo ɗaya za ka san wanda ya juya.

Gwaji mai sauƙi ne. A sa jak a ƙarƙashin garkuwar, daidai ɗaya daga cikin ƙafafunta, a ɗaga har taya ta bar ƙasa, mutum ɗaya yana kallon tazarar. Ta ɗan ragu, ba laifi. Ta rufe ko aka ji ƙara, akwai gyara.

A fagen aiki ba ni da ƙorafi kan ƙarfinta. Dutsen Filato ba ya ragawa ƙarfe, amma motar tana zamewa a kansa ta wuce, abin da ake gani sai zane a ƙasan bututu. A hanyoyin da ruwan Agusta ya zaizaye, inda gefen mota ke jingina da bangon kwari, ta hana ƙofofi gogewa. A cikin gari ma, cunkoson Terminus da 'yan Keke, ta ɗauke bugun da da ƙofa ce za ta sha.

Aibinta kuma ga su. Fentin gasawa da aka yi mata kyakkyawa ne a ido, amma da ya fashe ruwa ke shiga ƙarƙashinsa, tsatsa ta yi ta tafiya a ɓoye. Gara a kankare wurin a bi shi da fentin fesawa duk bayan fita mai tsanani. Ƙasan babban ƙarfen babu ramin fitar ruwa, sai da aka huda ƙanana a ƙarshensa. Laka tana taruwa tsakanin faranti da shasi, in ba a sa tiyo an kore ta ba tana riƙe danshi. Ramin ƙafa ɗaya ya zo dab da maƙalin igiyar hambirki, takardar bayani kuma ba ta ce komai a kai ba. Nauyin saitin, kusan kilo 60, daga cikin kayan da motar za ta ɗauka ake cire shi, mai lodin buhunan dankali ya sa wannan a lissafi. Ga tsofaffi da mata masu zani ba ta kai matakala daɗin takawa ba, bututun yana santsi da damina sai an manna masa tef mai kaushi. Motar da ke da jakar iska ta gefe kuma, a tambayi mai sayarwa ko an ƙera saitin don ita.

Masu walda za su ce su liƙa maka a shasi da rahusa, ya fi ƙarfi. Walda mai kyau tana da ƙarfi, gaskiya ne. Amma zafinta yana ƙone fentin cikin shasi inda hannu ba ya kaiwa, tana iya raunana ƙarfen in aka yi ta a tsaye daga sama har ƙasa, ga bututun mai a kusa, ga ƙwaƙwalwar mota in an manta ba a cire batir ba. Ranar da garkuwar ta lanƙwashe sai an yanke. Ta noti kuwa ka kwance ka miƙe ta, ko ka mayar da matakala idan za ka sayar da motar. Ni ta noti nake ba da shawara, ga wanda motarsa ke shiga dutse da gaske. Wanda iyakarsa kwaltar Jos zuwa Abuja, matakalarsa ta ishe shi.

Bayan ɗauri, a sake bin dukkan notocin da sifana mai awo idan an yi tafiyar kilomita 100 zuwa 200, domin fentin da ke tsakanin faranti da shasi yana murƙushewa ɗaurin ya ragu. A maimaita bayan duk bugu mai ƙarfi, da kuma duk lokacin juyen mai.