Wace Mujalla Za Ka Kai Wa Maƙalarka? Shawara Ga Malaman Fannin Tsarin Sarrafa Bayanai

Malamin jami'a da ke jiran ƙarin girma ya san maƙala ita ce jarinsa, kuma inda ya kai ta shi ke yanke mata daraja. A fanninmu kowa na hangen jerin mujallun da dattawan ƙungiyar masana fannin, wato Association for Information Systems (AIS), suka ware. A da takwas ne, a 2023 suka koma 11.

MIS Quarterly ta Jami'ar Minnesota, wadda ta fara fita a 1977, ita ce uwa. Ita da Information Systems Research (ISR) da Journal of Management Information Systems (JMIS) suna cikin jerin mujallu 50 na Financial Times. Sai dai in wa'adin ƙarin girmanka ya matso, kada ka jingina da su, gyara kan gyara zai iya cinye maka shekaru. JMIS da ISR sun fi karɓar masu lissafi da tarin alƙaluma.

Ni dai Information Systems Journal nake nuna wa ƙannena. Tun 1991 take fita, Wiley ke buga ta, tana cikin jerin dattawan, kuma ba ta raina binciken da aka yi ta hira da zama da mutane. Wanda ya nazarci yadda 'yan kasuwa ke amfani da POS, ko yadda wani asibiti ya koma ajiye bayanan marasa lafiya a kwamfuta, zai samu mai saurare, muddin ya nuna abin da muhallin ya koya wa fannin. Nan ne maganar ra'i (theory), wato bayanin da ke fassara dalilin faruwar abu, ta shigo. Yawancinmu ɗauko TAM na Fred Davis na 1989 muke yi, ko UTAUT na 2003, ra'o'i biyu kan yadda mutane ke karɓar sabuwar fasaha, mu raba wa ɗalibai takardun tambayoyi, mu ce mun gwada ra'i. Editoci sun gaji da wannan. Karanta maƙalar Shirley Gregor ta 2006 kan ire-iren ra'i guda biyar kafin ka rubuta gabatarwa. Abin da nake fara tambaya game da kowace mujalla shi ne: in sun ƙi aikinka, suna faɗa maka dalili? Wata mujalla ta taɓa riƙe min aiki wata da watanni, ta dawo da shi da layi ɗaya, wai babu gudummawar ra'i. Idan aikin bai kai matakin Information Systems Journal ba tukuna, akwai Electronic Journal of Information Systems in Developing Countries (EJISDC) da Information Technology for Development, duka sun karkata ga ƙasashe masu tasowa.

Sai 'yan damfara. Duk mujallar da ta turo maka saƙo tana yabonka, ta yi alkawarin bugawa cikin mako biyu in ka biya dala, gudu. Tun da Jeffrey Beall, wani ma'aikacin laburare a Amurka, ya rufe jerinsa na mujallun da ake zargi da damfara a Janairun 2017 ba su ragu ba. Wasu ma sunan mujalla ta gaskiya da lambar shaidarta ta ISSN suke sata, su buɗe shafi mai kama da nata. Tambarin Scopus, rumbun da ke lissafa mujallun da aka tantance, a shafinsu ba hujja ba ne. Shiga Scopus ɗin da kanka ka duba, domin akan cire mujalla daga cikinsa amma ta ci gaba da liƙa tambarin. Duba sunayen editocin a shafukan jami'o'insu. Sannan ka je ofishin rijistara ka karɓi ƙa'idojin ƙarin girma na jami'arku a rubuce, don wani kwamitin Scopus yake ƙirgawa, wani kuma takwaransa Web of Science, kuma maƙalar da ta riga ta fita a mujallar bogi ba mujallar kirkin da za ta sake karɓarta.