Kwashe faifan CD zuwa kwamfuta ba tare da sauti ya ragu ba: wace manhaja, wane saiti?

Duk wanda ya tara faya-fayan CD na waƙoƙi, ko na karatun Alƙur'ani, ko na tafsiri da wa'azi, ya san ba sa dawwama. Zafi yana cin su, ƙura tana karce su, wanda aka ara kuma ba kasafai yake dawowa ba. Maganin abin shi ne a kwashe su zuwa kwamfuta tun suna karantuwa. Amma kwafa suna ta tara. Akwai wadda take ba ka ainihin abin da ke kan faifan, ɗigo bai ɓata ba, akwai kuma wadda take yanke wani sashe na sautin ta zubar, ko ta tsallake wurin da ya karce ta yi shiru da bakinta. A kan ta farkon nake magana.

Ma'aunin faifan sauti, wanda kamfanonin Philips da Sony suka fitar a 1980, yana ɗaukar samfurin sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, kowane samfuri da bit 16, a layi biyu na hagu da dama. Wannan ya kama kilobit 1,411 a daƙiƙa, wato kusan megabait 10 a minti ɗaya. MP3 mafi girma kilobit 320 ne, wanda aka fi yawo da shi a wayoyi kuwa 128. Abin da MP3 ya zubar ya tafi ke nan, babu manhajar da za ta dawo da shi.

A wane irin fayil za a ajiye? Ni dai FLAC. Josh Coalson ne ya ƙirƙiro shi, siga ta farko cikakkiya ta fito a 2001, kyauta ne, kuma ba mallakar wani kamfani ba ne da zai wayi gari ya rufe ƙofa. Yana matse sautin zuwa rabi ko fiye da rabi kaɗan, amma in aka buɗe shi sai ya koma daidai yadda yake a faifai. Yana riƙe sunan waƙa, sunan mai waƙa, shekara da hoton bango. Abin da ya fi ja na gare shi shi ne kowane fayil yana ɗauke da lambar tantancewa ta MD5 a cikinsa, don haka ko bayan shekara goma kana iya gwada shi ka san ko ya lalace a ajiye. Wayoyin Android da Windows 10 zuwa sama suna kunna shi kai tsaye. WAV sautinsa ɗaya ne da FLAC, sai dai ya ci wuri kusan ninki biyu kuma ba ya riƙe sunaye da kyau. ALAC na Apple ne, ya dace da wanda komai nasa iPhone ne, tunda manhajar kiɗan Apple ba ta karɓar FLAC. WMA Lossless da APE kuwa kada ka ɓata lokacinka.

Sai manhajar da za ta karanta faifan, kuma nan ne aikin yake. Zaɓina Exact Audio Copy, wadda aka fi sani da EAC. Wani Bajamushe mai suna Andre Wiethoff ne ya rubuta ta, ta fara fita a 1998, a Windows take aiki, kuma kyauta ce ga mai amfanin kansa. Fuskarta ta tsufa, saitinta yana da yawa, ranar farko za ta ɗan gajiyar da kai. Duk da haka ban ga wadda ta kai ta gaskiya ba. In ta iso wurin da faifai ya karce, za ta sake karanta shi, ta sake, ta kwatanta sakamakon, in kuma abin ya gagara sai ta rubuta maka waƙar da mintin da daƙiƙar da take shakka. Wannan rahoton da take ajiyewa bayan kowane faifai shi ne hujjarka.

Ga yadda nake saita ta. A ƙarƙashin Drive Options ka zaɓi Secure mode, ka bar Burst mode ga mai gaggawa. Ka sa alama a Accurate Stream, ka kuma sa a Drive caches audio data. Dalilin na biyun yana da muhimmanci: na'urori da yawa suna riƙe abin da suka karanta na ɗan lokaci, sai manhaja ta ce a sake karantawa, na'urar ta miƙo mata wancan tsohon karatun ba tare da ta koma kan faifai ba. Biyun su zo daidai, manhaja ta ɗauka komai lafiya, alhali kuskure ɗaya aka maimaita mata. Wannan alamar ce take tilasta wa na'urar ta koma ta karanta da gaske. Akwatin C2 kuma, wanda yake dogara da na'urar ta faɗi inda ta yi kuskure da kanta, ka bar shi babu alama, domin ba kowace na'ura ce take ba da rahoton kurakuranta yadda ya kamata ba, ni kuwa ban yarda in jingina tarin faya-fayaina da maganar na'urar da ban gwada ba.

Daga nan sai gyaran offset. Kowace irin na'ura tana fara karatu da ɗan kauce wa daidai wurin, wata gaba wata baya, da 'yan samfura kaɗan. Yawancin na kasuwa +6 ne, wasu +667. Kunne ba zai ji ba, amma in ba a gyara ba kwafinka ba zai yi daidai da na kowa ba. Ba sai ka yi lissafi ba: ka sa sanannen faifai na asali kana kan intanet, akwatin AccurateRip zai fito ya auna na'urar ya saita da kansa. Shi AccurateRip rumbun lambobi ne da masu kwafa a duniya suke aika wa sakamakonsu. In lambar waƙarka ta dace da ta wasu mutane masu wasu na'urori da wasu kwafe na faifan, to babu sauran shakka.

A EAC Options ka kai Error recovery quality zuwa High. Ka kashe Normalize, ka kashe wanda yake goge shirun farko da na ƙarshen waƙa, domin duk abin da ya taɓa ƙarfin sauti ko tsawonsa ya fitar da kai daga kwafi na gaskiya. Ka kunna rubuta rahoto da kansa. A Compression Options ka zaɓi FLAC, ka sa -8 da -V. Matakan matsewa daga 0 ne zuwa 8, kuma kada wani ya ruɗe ka cewa 8 yana rage inganci. Sautin ɗaya ne a dukansu, girman fayil da lokacin aiki ne kawai suke bambanta. Shi -V yana sa a duba fayil ɗin yayin da ake matse shi. Kafin ka fara kowane faifai ka danna F4 ta gano tazarar da ke tsakanin waƙoƙi, ka fitar da fayil ɗin CUE mai riƙe tsarin waƙoƙin faifan, sannan ka zaɓi Test & Copy.

Wannan Test & Copy ɗin ina so a tsaya a kansa, domin mu ya fi shafa. Yawancin faya-fayan da aka buga a gida, na mawaƙanmu da malamanmu, ba za ka same su a AccurateRip ba, babu wanda ya taɓa aika lambarsu. To da me za ka tabbatar? Manhajar za ta karanta kowace waƙa sau biyu, ta fitar da lambar tantancewa ta CRC a kowane karatu. In lambobin biyu sun zo ɗaya kuma rahoto bai nuna wurin shakka ba, hankalinka ya kwanta. Lokaci zai ninka, amma faifan da ba shi da na biyu a duniya ya cancanci haka. Sunayen waƙoƙi ma haka ne: MusicBrainz, rumbun sunayen waƙoƙi na intanet, zai cike maka na faya-fayan waje, na gida kuwa kai za ka rubuta da hannunka tun kafin ka danna kwafa, in ba haka ba ka tara ɗaruruwan Track 01 da ba ka san na wane ne ba.

Sauran manhajojin fa? dBpoweramp tana da kyau da sauri, masu ita ne ma suka kafa AccurateRip, amma ta kuɗi ce bayan gwajin makonni uku, kuma da dala ake biya. Mai Mac ya ɗauki XLD, kyauta ce kuma tana yin aikin. CUERipper tana da sauƙin saiti, kuma rumbunta na CTDB yana iya gyara ƙaramin kuskure a faifan da aka sani. Windows Media Player da iTunes za su kwafa maka faifai da ya karce su ce an gama, babu rahoto babu hujja, ban ga dalilin amfani da su a wannan aikin ba.

Yanzu ga abin da ya fi ƙona mini rai, wanda duk saitin duniya ba zai cece ka daga gare shi ba: jabun faifai. Na taɓa sayen faya-fayai a hannun wani mai shago da ya rantse mini cewa na asali ne, bango mai sheƙi, leda a naɗe. EAC ta karanta su tsaf, babu kuskure ko ɗaya. Da na duba sautin sai na ga ashe MP3 ne aka sauko da shi aka ƙona a faifai. Manhaja ba ta yi ƙarya ba, abin da ke kan faifan ta ba ni, faifan ne tun asali algus. Kamar a zuba ruwan rijiya a gorar ruwan kamfani ne a liƙe murfi.

Yadda ake ganewa ba wuya. Ka sauko da Spek, ƙaramar manhaja ce ta kyauta da take zana hoton sauti. Faifan CD yana ɗaukar amo har zuwa 22,050 Hz, wato ma'aunin tsinin amo. In ka ga hoton ya yanke ƙat a layi miƙaƙƙe wajen 16,000, kusan tabbas daga MP3 mai 128 aka ɗauko shi. In ya yanke wajen 19,000 ko 20,000, MP3 ne mai girma. Sai dai a yi adalci: tsohon ɗauka da aka juyo daga kaset ko daga rediyo dama ba shi da amon sama sosai, amma nasa a hankali yake dusashewa, ba ya yankewa kamar an sa wuƙa. Irin wannan ka kwafe shi da FLAC ɗinka, domin wataƙila shi ne mafi kyawun da ya rage.

Ka kuma juya faifan ka duba bayansa. Wanda aka buga a masana'anta fari ne kamar azurfa, kuma galibi akwai ƙananan lambobin IFPI a zoben tsakiya. Wanda aka ƙona a kwamfuta yakan yi kore-kore ko shuɗi-shuɗi, kana iya ganin iyakar inda rubutun ya tsaya. Ƙonanne ba lallai jabu ba ne, mawaƙa da malamai da yawa da haka suka fitar da aikinsu. Amma shi ne ya fi saurin mutuwa, domin rinin da ke cikinsa ba ya jure rana da zafi, balle wanda ya kwana a mota. Da irinsu za ka fara. Kuma in bango ya ce waƙa 100 ko tafsirin wata guda a faifai ɗaya, wannan ba faifan sauti ba ne, domin na sauti bai cika wuce minti 80 ba. Fayilolin MP3 ne a ciki, ka kwafe su kai tsaye yadda suke. Mayar da su FLAC cin wuri ne kawai, ba ya ƙara musu komai. Haka sautin VCD, dama a matse yake.

Masu tura waƙoƙi a memori ma sun koyi sunan FLAC. Wani zai ɗauki MP3 ya juya shi, ya ce maka mai inganci ne, wani har ya ce ya ɗaga maka shi zuwa bit 24. Faifan CD bit 16 ne, duk abin da aka ɗora a sama iska ce. Ka kuma guji dBpoweramp da aka fasa ake rabawa kyauta, irin waɗannan fayilolin sananniyar hanyar shigar ƙwayar cuta ce cikin kwamfuta. EAC ma daga shafin mai ita za ka ɗauko ta.

Damfara ta ƙarshe tana wurin ajiya, kuma ita ce ta fi muni domin sai ka gama wahala take bayyana. Akwai filash da memori da aka yi wa dabara suna nuna terabait 1 ko 2 alhali ainihin cikinsu 'yan gigabait ne. Za ka ga sunayen fayiloli duk suna nan, ka buɗe ka tarar babu komai, domin sabon da ka zuba ya hau kan tsoho ko ya bi iska. Arhar da ta wuce hankali ita ce alamar farko. Kafin ka zuba ko waƙa ɗaya, ka gwada shi da H2testw, wadda take cika shi taf sannan ta karanta ta faɗi gaskiyar girmansa. In mai shago ya ƙi yarda a dawo da kaya bayan gwaji, ka bar masa kayansa. Lissafin wurin ma ba mai yawa ba ne: in kowane faifai ya ci megabait 350, faifai 300 bai wuce gigabait 105 ba. Ka sayi rumbun ajiya na gaske guda biyu, ka ajiye ɗaya a wani gida daban.

Game da na'urar karatu, yawancin sababbin laftof ba sa zuwa da ita. Ta USB daga LG ko Asus ta isa, kuma ta cikin tsohuwar kwamfutar tebur sau da yawa ta fi siraran nan haƙuri da faifai mai karce. In faifai ya gagari ɗaya, ka gwada a wata kafin ka fid da rai. Ka goge ƙura da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba a zagaye ba, domin karcen da ya bi zagayen rubutu shi ne yake gagarar gyara. Kuma ka yi aikin da laftof mai batir ko da na'urar riƙe wuta, domin faifai mai matsala yana iya cin awa ɗaya ko fiye a Secure mode, in aka ɗauke wuta a tsakiya sai ka sake wannan waƙar daga farko.