Hattara da mai tallar "horarren aku" a Jidda

Salamu alaikum 'yan uwa mazauna Jidda da Makka. Akwai wani mutum da ke tallar aku a WhatsApp, irin mai ruwan toka da jan wutsiya ɗin nan da Larabawa ke ce wa kasko. Hausa ce a bakinsa raɗau, har da "haba Alhaji, ai duk gida ne." Riyal 1,800 ya ci mini, shi ya sa nake sanar da ku.

Bidiyo ya fara turo mini, aku a kafaɗarsa yana sallama. Wai ɗan wata huɗu ne, a hannu aka raine shi, an gama horar da shi. Na tura 500 kafin alƙalami. Ya ƙi mu haɗu a gidansa ko a kasuwar tsuntsaye, sai bakin wani gidan mai bayan isha'i.

A daren tsuntsun lakwas yake. 'Yata ƙarama har shafa kansa ta yi, ko motsi bai yi ba. Washegari da hantsi sai ga wani gurnani daga keji, ya tayar da gashi, na miƙa hannu ya fasa mini ɗan yatsa. Likitan dabbobi yana ganinsa ya ce babban aku ne, ga alama kamun daji, kuma da wuya in ba wani abu aka ba shi ya kashe masa jiki ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai, shaidar tana fili, duhu ne ya ɓoye ta. Idon ɗan aku baƙi ne wuluk, sai yana girma yake washewa har ya koma rawaya-rawaya. Nawa rawaya ne. Zoben ƙafa kuma, wanda masu kiwo ke sa wa aku, na gaske rufaffe ne, tun yana ɗan tsako ake zura shi, ba ya shiga ƙafar babba. Nawa an tsaga shi aka matse. Maganar ma, akasari sai aku ya kai wajen shekara yake fara ta. Wane ɗan wata huɗu ne zai yi sallama?

In za ku saya, ku je da rana, ku nemi takardarsa, domin tun 2017 irin wannan aku ke sahun farko, wato wanda aka fi tsaurara wa kariya, na CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirran daji. Ku ce mai shi ya ɗora shi a hannunku, ku zauna ku ga yana cin abinci.

Lambarsa a kashe take, an ce ya sake wata.

Akun yana nan, ban iya yar da shi ba. Kullum nakan zauna gefen kejin minti goma ina masa magana a hankali. Jiya, bayan mako uku, ya karɓi gyaɗa ta tsakanin wayoyin keji, ya ja da baya can ƙurya ya ci.