Rigar ruwa, wandon ruwa da safa: abin da na gani bayan hunturu guda a kan keke a Manchester

A Zariya na koyi keke, kuma a can lamarin ruwa ba shi da wuya. In hadari ya haɗu sai ka nemi rumfar mai shayi ko zauren wani ka fake, a sheƙa shi kamar da bakin ƙwarya, bayan awa guda gari ya washe ka ci gaba da tafiyarka. Da wannan tunanin na zo Manchester. Shekarar farko na yi ta tsayuwa a rumfar jiran bas ina sauraron a ɗauke, kafin na gane cewa ruwan nan ba mai ɗaukewa ba ne. Yayyafi ne siriri mai naci, ya fara da asuba ya kai dare, gobe ma ya dawo. Kafin Nuwamba ta ƙare keken ya koma bayan ƙofa, ni na koma bas, tumbi kuma ya fara leƙowa.

Bara na ce ba za a sake ba. Ana saura mako guda a mayar da agogo baya da awa ɗaya, abin da ake yi a Birtaniya kowace Lahadin ƙarshe ta Oktoba, na shiga wani babban shagon kayan wasanni na sayi abu uku: rigar ruwa ta masu keke a kan fam 70, wandon ruwa da ake ɗorawa a kan wando fam 30, da safar da ba ta shan ruwa fam 35. Ba zan kama sunan kamfanin ba, ba su biya ni talla ba, kuma akwai inda zan yi ƙorafi. Na yi amfani da su tun daga lokacin har tsakiyar Maris, yawanci kwana biyar a mako, daga unguwarmu Levenshulme zuwa wurin aikina a kan Oxford Road, kusan kilomita 7 zuwa, 7 dawowa.

Rigar ce ta fi tsada, kuma ita na fi yi wa zaton alheri. A jikin takardarta an rubuta 10,000mm. Mai shagon ya ce ma'anarsa sai an tsayar da ruwa mai tsayin mita 10 a kan yadin kafin ya fara ratsawa. An kuma bi duk ɗinkin da tef ta ciki, domin ta ramin allura ruwa ya fi saurin shiga. Ta wannan gefen ba ta yi mini ƙarya ba, ko sau ɗaya ruwan sama bai ratsa ta ba. Bayanta ya fi gabanta tsawo, in ka sunkuya a kan keke ƙugunka a rufe yake, kalarta kuma ruwan ɗorawa ce mai ɗaukar ido, wadda uwargida ta ce ta mai da ni kamar ma'aikacin kwashe shara. Na ce na yarda, in dai direban bas zai hango ni.

Matsalarta daga ciki take. Minti goma sha biyar da fara taka feda sai zufa ta taru, ta rasa hanyar fita, ka isa wurin aiki a jiƙe kamar ba ka sa komai ba. Makonni biyun farko na ɗauka yoyo take yi, har na ɗauki rasit zan mayar. Wani abokin aikina ɗan Sikotlan, wanda ya fi shekara ashirin yana hawan keke, ya duba ni ya tambayi abin da nake sawa a ƙasa. Na ce singileti ta auduga, riga, da suwaita mai kauri. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Auduga tana shan zufa ta riƙe, sannan ta yi sanyi ta manne maka a baya. Ya ce in sa riga guda siririya ta ulu, in buɗe zif ɗin da ke hammata, kuma in fita daga gida ina ɗan jin sanyi, jiki zai ɗumama da kansa. Ga Bahaushe wannan magana ce mai wuyar haɗiya, mu da ake tula mana kaya da zarar hunturu ya kaɗa. Amma na gwada, kuma da gaskiyarsa. Zufar ba ta ƙare ba, ta dai ragu yadda za a iya zama da ita.

Wajen Janairu ruwa ya daina gangarewa daga kafaɗun rigar, sai yadin ya riƙa jiƙewa yana nauyi. Ashe akwai wani sinadari da ake shafa wa bayan yadin, datti da gogayyar jaka suna cinye shi. Na wanke ta da sabulun da aka yi don irin waɗannan kaya, ban sa ruwan laushin tufafi ba domin yana lalata su, na fesa mata sabon sinadarin, ta dawo kusan yadda take. Wannan ƙarin fam 15 ne da ba wanda ya faɗa mini ranar saye.

Wandon kuwa, araha ba ta ado. Yana hana ruwa, amma sa shi a kan takalmi a bakin titi kokawa ce, domin zif ɗin ƙafar gajere ne. Yana ƙara kamar buhun leda duk inda ka motsa. A wata na uku ɗinkin da ke gogar sirdi ya buɗe, a daidai wurin da mutum ba zai so a ga ya jiƙe ba. Ranar na wuni a zaune, ko shayi ban tashi haɗawa ba.

Safar ce ta ba ni mamaki, ga shi ita na fi yi wa kallon almubazzaranci. Fam 35 a kan safa! Hawa uku ce, da wani siririn shafi a tsakiya da ke tare ruwa. Takalmi zai jiƙe sharkaf, ka ji nauyinsa, amma yatsu a bushe kuma da ɗuminsu. Duk wanda ya taɓa wuni da jiƙaƙƙiyar safa a Disamba ya san abin da nake nufi: ƙafa ta ƙandare tun safe, ba ta dawowa hayyacinta sai an kwanta. Aibinta biyu ne. In ruwa ya gangaro ta ƙwauri ya shiga ta bakinta, to ya shiga ke nan, ƙafarka tana cikin bokiti har ka isa, don haka dole ƙafar wando ta rufe bakin safar. Sannan ba ta bushewa da wuri. Sai ka shanya waje, ka juya ciki ka sake shanyawa, kuma ba a ɗora ta a kan abin ɗumama ɗaki mai zafi. Wani ɗan'uwa a masallaci ya ce mini wasu don shafa a alwala suke sayen irinta, maimakon huffi. Mu da muka taso a Malikiyya mun san sharaɗin sai ya zama na fata, wannan kuma kowa ya tambayi malaminsa, ni don keke na saya.

Rashin bushewar nan ne ya nuna mini inda gizo ke saƙar. Da ina ɗauka ƙwarin zuciya nake buƙata, ina ta yi wa kaina wa'azi da dare. Da na lura da ranakun da na fasa fita, sai na ga ba ranakun da ruwa ya fi yawa ba ne. Ranakun da na taɓa kayan jiya na ji su da danshi ne. A Disamba rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe takwas, kafin huɗu na yamma kuma an yi magariba, hasken yini bai kai awa takwas ba. Ka idar da sallar asuba, waje duhu, iska tana kaɗa taga, ka miƙa hannu ka ji safa da sanyin ruwa, ga bas mai ɗumi fam 2 kacal. Ba wa'azin da zai yi aiki a wannan lokacin. Sai na koma na sayi safa ta biyu, ina cusa tsohuwar jarida a cikin takalmi da dare, ina rataye riga da wando a ƙofar ɗakin girki tun kafin in cire hular kwano. In komai a bushe yake a bakin ƙofa, kafin kasala ta gama tsara hujjojinta na riga na kai titi. Da na kai titi kuwa ban taɓa juyawa ba.

Uwargida ma ta taimaka ta hanyarta. Ta ajiye gwangwani a kan firij, ta ce, “Abban yara, duk ranar da ka hau keke ka jefa kuɗin bas ɗinka a nan.” Fam 4 ne a rana. Ranar da na bi bas ba ta cewa komai, sai dai ta ɗauki gwangwanin ta girgiza shi a gabana. Wannan girgizar ta fi ruwan sama zafi.

Akwai abubuwa biyu da ban saya ranar ba waɗanda suka kamata su zama na farko. Ɗaya makarin laka ne na taya. Da yawa daga cikin ruwan da ke jiƙa mai keke daga ƙasa yake tasowa, tayar baya tana watsa maka shi a gadon baya, ta gaba tana zuba maka a takalmi, kuma ba ruwa mai tsabta ba. Wani mai gyaran keke a unguwarmu ya ɗaura mini cikakke gaba da baya a kan fam 25, kuma wallahi ya fi wandon amfani. Na biyu safar hannu mai kauri. Wata safiya a kan Fallowfield Loop, tsohuwar hanyar jirgin ƙasa da aka mayar ta masu keke da masu tafiya a ƙasa, yatsuna suka daskare har na kasa matse birki da kyau, kare ya gifta, Allah ne ya kiyaye. Hanyar tana da daɗi da rana domin ba mota, amma yawancinta ba fitilun titi, ga ruɓaɓɓen ganye mai santsi. Da dare na koma bin Wilmslow Road ta Rusholme, inda aka ware wa keke layinsa, ko da yake ƙanshin gashi a Curry Mile, layin gidajen abincin da ke wurin, wata jarrabawar ce ga mai jin yunwa. Fitila kuwa ba zaɓi ba ce, doka ce a Birtaniya daga faɗuwar rana zuwa fitowarta, fara a gaba, ja a baya. Ina cajin nawa kowace Lahadi da Laraba.

Keken ma yana shan tasa wahalar. In sanyi ya tsananta ana barbaɗa gishiri a tituna don kada ƙanƙara ta kama, wani jan gishiri da ake haƙowa a wurare irin su Winsford da ke Cheshire. Gishirin nan yana cin sarƙa kamar gara. Na bar tawa mako biyu ban goge ba ta yi tsatsa jawur. Yanzu kowace Asabar ina wanke ta da ruwan ɗumi, in goge da tsumma, in ɗiga mata mai. Ranakun da na ga gilasan motoci sun yi fari da safe kuwa, ba na jayayya, bas nake bi. Ƙanƙarar da ba a gani a kan kwalta ba ruwanta da tsadar rigarka, kuma uwargida ta yarda cewa waɗannan ranakun ba na girgiza gwangwani ba ne.

Da za a mayar da ni shagon da fam 135 ɗin nan, safa biyu zan fara ɗauka, sai safar hannu, in ware kuɗin makarin laka, abin da ya rage in sayi riga ko da ba ta kai wannan ba. Rigar zan ci gaba da sa ta bana, tana da sauran shekara biyu a jikinta in an kula da ita. Wandon na kai wa wani tela a unguwar Longsight, ya juya shi ciki da waje ya ce zai iya ɗinkewa, amma bai ɗauki alkawarin ruwa ba zai shiga ba.